Zauren Lissafi: Malam, wai wane asiri ne a cikin 142857?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan tambayoyi sun ɗan taru, amma huɗu na ware saboda duk hanya ɗaya suka biyo, wato maganar manyan lambobi da halayensu. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wata mai kamawa in Allah ya kai mu. Kafin mu fara dan Allah a jawo biro da takarda a ajiye kusa, shi lissafi ba a karanta shi da ido kaɗai, sai hannu ya taɓa.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a, Samaru:

"Malam barka da warhaka, ya iyali ya ƙoƙari. Dan Allah wani saƙo ne ke ta yawo a guruf ɗinmu na WhatsApp, wai akwai wata lamba 142857 da aka tono a cikin dalar Fir'auna a Masar, wai in ka ninka ta da 2 ko 3 har zuwa 6 ƙwayoyinta ɗin nan dai su ke dawowa sai dai su canza wuri. Na gwada a kalkuleta kuma wallahi haka ne, har tsigar jikina ta tashi. Wasu na cewa asiri ne, wasu na cewa a daina turawa. Meye gaskiyar abin?"

Ɗana iyali lafiya lau, Allah ya yi albarka. Abu na farko da ya burge ni shi ne ka gwada da kanka kafin ka yarda, ka riƙe wannan halin da kyau. Abin da kalkuletarka ta nuna maka gaskiya ne. 142857 sau 2 zai ba ka 285714, sau 3 kuma 428571, sau 4 ya zama 571428, sau 5 ya zama 714285, sau 6 ya zama 857142. Ƙwayoyi shida ɗin nan dai, 1 da 4 da 2 da 8 da 5 da 7, kuma in ka lura ba wai hargitsewa suke ba, jerinsu ɗaya ne, wurin farawa ne kawai ke canzawa. Amma maganar dalar Fir'auna ƙari ne na masu son a tura saƙonsu, lambar nan ba sai an je Masar ba, a cikin littafin ɗan aji biyar na firamare take zaune. Ɗauki biro ka raba 1 da 7, doguwar rabawa irin wadda aka koya mana a allo.

7 ba ta shiga 1, sai ka ara sifili ya zama 10. Bakwai ta shiga 10 sau 1, saura 3. Ka ara sifili ya zama 30, ta shiga sau 4, saura 2. Ashirin, ta shiga sau 2, saura 6. Sittin, sau 8, saura 4. Arba'in, sau 5, saura 5. Hamsin, sau 7, saura 1. Toh tsaya nan. Ka duba abin da ka rubuta a sama, 1, 4, 2, 8, 5, 7. Ga lambar taka ta fito. Kuma saura ya dawo 1, wato inda ka faro, dole daga nan a sake maimaita zagayen har illa masha Allah.

Yanzu ga dalilin da ya sa take juyawa, kuma nan ne daɗin abin yake. Idan kana raba abu da 7, sauran da zai iya ragewa guda shida ne kacal, daga 1 zuwa 6, ba na bakwai. A rabawar da ka yi ɗazu saurarrakin sun fito a haka, 1, 3, 2, 6, 4, 5, kaga duk shidan sun bayyana ba wanda aka tsallake. Saboda haka in ka zo raba 2 da 7, ai ba sabuwar hanya za ka kama ba, ka riga ka taɓa tsayawa a kan saura 2 a cikin zagayen farko, daga nan kawai za ka ɗora, shi ya sa amsar ke farawa da 2857. In 3 ce za ka raba da 7 sai ka shiga zagayen ta wurin saura 3, amsa ta fara da 4285. Kamar mai zaga ganuwar Zazzau ne, ko ta Ƙofar Doka ya fara ko ta Ƙofar Gayan ko ta Kuyambana, in dai gefe ɗaya ya nufa ƙofofin nan dai zai wuce ɗaya bayan ɗaya a tsarinsu, mafarin ne kawai ya bambanta. Ninka 142857 da 2 daidai yake da tambayar biyu bisa bakwai, ninka ta da 3 uku bisa bakwai, haka har shida. To sau 7 fa? Bakwai bisa bakwai ɗaya ne cif, shi ya sa kalkuleta za ta ba ka 999999. Gwada ka gani. In ma ka wuce ka ninka da 8 za ka samu 1142856, ɗauke 1 ɗin da ke gaba ka tara shi da sauran, 142856 da 1, ta dawo gida.

Akwai wasu halayen nata da saƙon naku bai ma kawo ba. Tsaga ta biyu, 142 da 857, tara su, 999. Tsaga ta uku, 14 da 28 da 57, tara su, 99. Na tsagawa biyun nan wani Bafaranshe mai suna Midy ya rubuta dalilinsa tun 1836. Sannan in ka ninka ta da kanta za ka samu 20408122449, ka yanke ƙwaya shidan ƙarshe, 122449, ka tara da 20408 da ya rage a gaba, sai ga 142857 ta sake fitowa. Irin waɗannan ana kiransu da sunan Kaprekar, wani malamin makaranta ne a Indiya da ya ƙarar da rayuwarsa yana wasa da lambobi, mutane da yawa a lokacin ba su ɗauki aikinsa a bakin komai ba, yau ga sunansa a littattafai.

Amma ni abin da nake so ka tafi da shi ya wuce waɗannan abubuwan mamakin. In aka ajiye maka babbar lamba a gabanka, tambayar farko da masu lissafi ke yi ita ce, da waɗanne tubala aka gina ta? Akwai lambobin da babu mai raba su ba saura sai 1 da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13, a aji kuna ce musu firaim, ni a zauren nan ina kiransu gagara-rabo. Su ne tubalan. Duk wata lamba da ta wuce 1, ko dai ita kanta gagara-rabo ce ko kuma an gina ta ne da ninka wasu gagara-rabo, kuma hanya ɗaya tak ake gina kowace, ba biyu ba. Ita 142857 tubalanta su ne 3 × 3 × 3 × 11 × 13 × 37. Da ka san wannan shikenan ta zama a tafin hannunka. Mara ce ba cika ba tunda babu 2 a jikinta. Tana rabuwa da 27, kuma ka tara ƙwayoyinta ka gani, 1+4+2+8+5+7, 27 ɗin ne dai. Masu raba ta ba saura guda 32 ne, ba sai ka zauna ƙirgawa ba, 3 tana da zaɓi huɗu wato ko kar ka ɗauka ko ka ɗauki ɗaya ko biyu ko uku, sauran tubala ukun kowanne zaɓi biyu, 4 × 2 × 2 × 2. Kuma ka lura babu 7 a cikin tubalanta duk da cewa daga 7 ta fito, sai an ninka ta da 7 ɗin ne take zama 999999.

Akwai kuma wani rabe-raben da magabata suka yi tun zamanin Girkawa, malaman hisabi na Musulunci suka gada suka faɗaɗa. Ka tara duk masu raba lamba ban da ita kanta. In jimlar ta zo daidai da lambar, cikakkiya ce, kamar 6 da ke da 1, 2, 3, ko 28, sai 496, sai 8128, ta biyar ɗinsu sai an yi dogon tsalle zuwa 33550336. In jimlar ta wuce, mai rara ce, kamar 12. In ba ta kai ba, mai giɓi ce. Taka lambar in ka tara nata za ka samu 112503, bai kai 142857 ba, toh mai giɓi ce, giɓin 30354. Kaga duk kwarjinin nan nata a wannan ma'aunin talaka ce kamar yawancin lambobi.

Kuma ba 7 kaɗai ke da wannan baiwar juyawa ba. 17 na yi, raba 1 da 17 za ka samu zagaye mai ƙwaya goma sha shida, 0588235294117647, ka ninka shi da duk abin da ka ga dama daga 2 zuwa 16 juyawa kawai zai yi. 19 na yi, 23 na yi, 29, 47, 59, 61, 97 duk suna yi. Gauss na Jamus ya yi nazarin abin a littafinsa na 1801, sannan a 1927 Emil Artin ya yi hasashen cewa masu irin wannan hali ba su da iyaka, har yau ba wanda ya tabbatar da hujja cikakkiya. Kai da kake Samaru ga sashen lissafi nan a gefenka, sashen da Farfesa Iya Abubakar ya jagoranta kafin ya zama shugaban Jami'ar Ahmadu Bello a 1975. Ni wallahi abin da ke min ciwo kenan, yaro mai kaifin kai irinka ya ga abu ya burge shi, maimakon a ce masa zo ga dalili, sai a ce masa asiri ne ya ja baya. Mun yi asarar yara da yawa ta wannan ƙofar. Ka koma guruf ɗin ka yi musu rabawar 1 da 7 a takarda ka ɗauki hoto ka tura.

Tambaya daga wata malamar firamare, Tudun Wada:

"Malam ina wuni. Wani yaro a ajina ɗan aji shida ya tambaye ni ko 1,000,001 firaim ce. Na duba ba cika ba ce, ba ta ƙare da 5 ba, na yi ta gwadawa a waya har na kai wajen 50 ba abin da ya raba ta, sai na ce masa eh. Amma tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Na yi daidai kuwa? Kuma a ina mutum zai tsaya da gwaji?"

Malama sannu da ƙoƙari, kuma zuciyarki ta gaya miki gaskiya. 1,000,001 tana rabuwa, 101 × 9901 ce. Kin tsaya da wuri ne kawai. Gobe ki kira yaron gaban allo ku ninka tare, ki ce masa kin sake bincike kin gano amsa, wallahi darajarki ƙaruwa za ta yi a idonsa kuma zai koyi abin da ya fi amsar amfani.

Inda ake tsayawa kuwa akwai ƙa'ida mai sauƙi. Masu raba lamba bibbiyu suke zuwa, ƙarami da babba, kamar 101 da 9901 ɗin nan. Ba zai yiwu duka biyun su zama manya ba. Tunda 1000 sau 1000 miliyan ne, duk lambar da ke wajen miliyan in dai tana rabuwa to ƙaramin abokin ba zai wuce wajen 1000 ba. Kinga maimakon gwaji miliyan ya dawo dubu. Sannan ba kowace lamba za ki gwada ba, gagara-rabo kaɗai, domin abin da 2 ba ta raba ba 4 da 6 da 8 ba za su raba shi ba. Gagara-rabo da ke ƙasa da 1000 guda 168 ne, na ƙasa da 100 kuma 25, ita 101 ita ce ta 26, kinga saura ƙiris ki iske ta. Wadda yaron ke nema tana nan kusa, 1,000,003, ita ce gagara-rabo ta farko bayan miliyan, ta ƙarshe kafin miliyan kuma 999,983.

Ga wata dabara ki ba yaranki, suna son ta sosai. Ta 3 da 9 kin riga kin sani, a tara ƙwayoyi. Amma 7 da 11 da 13 da ke ba mutane wahala ana kama su da jifa ɗaya, saboda 7 × 11 × 13 shi ne 1001. A yanka lambar uku-uku daga dama, a ɗebe a tara a ɗebe bi da bi. Ɗauki ta ɗalibin Samaru, 142 da 857, ɗebe, saura 715. Ita 715 tana rabuwa da 11 da 13 amma ba ta rabuwa da 7, toh haka uwar lambar take, kuma ya yi daidai da tubalan da na lissafa a sama. Saboda 1001 ɗin nan ne ma in yaro ya rubuta kowace lamba mai ƙwaya uku sau biyu a jere, misali 365365, ki ce ya raba da 7, ya raba amsar da 11, ya sake rabawa da 13, zai ga 365 ɗinsa ta dawo. Ranar da na fara yi wa 'yan ajina wannan, har aka kaɗa ƙararrawar tara ba wanda ya motsa, kowa na son ya samo wadda za ta ƙi.

Kuma kar ki damu da kuskuren, manya sun faɗa ramin nan. Fermat na Faransa ya ga jerin 3, 5, 17, 257, 65537 duk gagara-rabo ne, sai ya ɗauka duk masu biyo baya a jerin haka za su zama. Ta gaba ita ce 4,294,967,297. Shekara kusan casa'in maganarsa na tsaye, sai a 1732 wani masanin lissafi mai suna Euler ya nuna cewa 641 × 6,700,417 ce. Misali biyar a jere sun goyi bayan Fermat amma na shida ya rushe maganar, shi ya sa a lissafi yawan misalai ba ya zama hujja.

Tambaya daga wani almajirin zaure, cikin birni:

"Allah gafarta Malam, muna karatun gado ne a wajen malaminmu, sai ya ambaci cewa akwai adadin da ke da rabi da sulusi da rubu'i har zuwa ushuri duk ba karaya, ya ce mu nemo. Mun kwana biyu muna yi abin ya faskara. Kuma ni dama ina ganin kamar lissafin boko daban namu na zaure daban."

Allah ya ƙara wa malaminku lafiya, tambaya ce ta masu ilimi. Ban so in ɓata masa darasi ba, amma tunda kun kwana biyu kuna fama kun biya kuɗin amsa. Adadin shi ne 2520. Rabinsa 1260, sulusi 840, rubu'i 630, humusi 504, sudusi 420, subu'i 360, sumuni 315, tusu'i 280, ushuri 252. Kuma shi ne mafi ƙanƙanta da ke da wannan hali. Yadda na da ke haddace shi, kwanakin mako sau kwanakin wata sau watannin shekara, 7 × 30 × 12.

Hanyar samo shi kuwa tubalan nan ne dai. Kana son 8 ta shiga, dole ka tanadi 2 har guda uku, kuma da ka tanade su 2 da 4 sun samu shiga kyauta. Kana son 9 ta shiga, 3 guda biyu, daga nan 3 da 6 sun wuce. Sai 5, ita ta shigar da 10 tunda akwai 2. Sai 7. Ninka 8 × 9 × 5 × 7, ga 2520. In malam ya ƙara muku ya ce har 11 da 12, ninka da 11 kawai, 27720. Har 13, 14, 15, ninka da 13, 360360. Har 16, ninka da 2 sau ɗaya, 720720, wadda masu raba ta guda 240 ne cur. Kwatanta da 142857 mai 32 kacal, ka ga yadda lambobi biyu masu ƙwaya shida-shida ke shan bamban a hali. Irin su 720720 su ne attajiran lambobi, rararsu har ta yi yawa.

Maganarka ta ƙarshe kuwa ƙanena ban yarda da ita ba ko kaɗan, kuma ka bar ni in ɗan tsaya a kanta. Wannan aikin da na yi yanzu, a makarantar boko sunansa daban, amma ai shi ne neman asalin mas'ala da kuke yi kullum. Rabon da aka ƙayyade guda shida ne, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. In mamaci ya bar mata da uwa da ɗa, matar na da sumuni uwar na da sudusi, me ya sa kuke cewa asalin mas'alar 24? Saboda ita ce ƙaramar lamba da 8 da 6 ke shiga ba saura, 2 guda uku da 3 guda ɗaya. Hanya ɗaya ce sak. Shi kansa aljabara da ake tsorata 'yan sakandare da shi, littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban kaso na cikinsa lissafin gado da wasiyya ne. A Bagadazan nan kuma Sabit bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya fitar da ƙa'idar samo lambobi masoya juna, irin 220 da 284, in ka tara masu raba 220 ban da ita za ka samu 284, in ka tara na 284 za ka samu 220.

Ba ma sai mun je nesa ba. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bakatsine ne, malamin zaure irin naku, ya tafi hajji ya zauna a ƙasashen Larabawa, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara hatimi mai gidaje mara, uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, yadda kowane layi a tsaye da a kwance da a karkace zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ka duba shekarar nan da kyau, 1732, ita ce shekarar da Euler ke can yana warware lambar Fermat da na gaya wa Malama. Masu tarihin lissafi na duniya sun san da shi suna ambatonsa, mu a nan yara nawa ne suka taɓa jin sunansa a aji? Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu. Ka gaida min malaminku da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari:

"Malam ni tambayata gajeruwa ce. Wace ce firaim mafi girma a duniya, kuma masu nemanta me suke samu? Naga kamar ɓata lokaci ne."

Alhaji babu mafi girma, kuma wannan tabbas ne ba zato ba, Yuklid ya kawo hujjar tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Ce ka tattara duk gagara-rabo na duniya sun ƙare a hannunka. Ninka su gaba ɗaya ka ƙara 1. Sabuwar lambar nan duk wanda ka raba ta da shi a cikin naka saura 1 zai rage, toh dole akwai wani tubalin da ba ya cikin tarin naka. Gwada da 2, 3, 5, 7, 11, 13, ninkinsu 30030, ƙara ɗaya 30031, ita kuma 59 × 509 ce, ga baƙi biyu sun fito da ba ka lissafa da su ba.

Sai dai a ce mafi girma da aka gano. A 1772 Euler ya tabbatar da 2,147,483,647, wato ka jera 2 sau 31 ka ninka su ka ɗebe 1. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, da taimakon tarin kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, ya gano wadda ake samu in an jera 2 sau 136,279,841 an ninka an ɗebe 1. Ƙwayoyinta 41,024,320. In ka ce za ka rubuta ta da hannu, ƙwaya ɗaya duk daƙiƙa ba ci ba barci, sai ka yi kusan kwana 475.

Amfani kuwa, ita wannan ƙatuwar gaskiya ba a sayen komai da ita, masu nemanta sha'awa ce ke jansu, sai kuma gwada ƙarfin kwamfuta da ake yi da irin lissafin. Amma 'yan uwanta masu ƙwaya ɗari-ɗari suna cikin aljihunka yanzu haka. Ninka gagara-rabo biyu manya abu ne na ƙiftawar ido a wajen kwamfuta, amma a ba ta amsar a ce ta nemo su waye aka ninka, nan ne gizo ke saƙa, in lambar ta kai ƙwaya ɗari shida ko manyan kwamfutocin duniya ba su iya ba. A kan wannan wahalar aka gina tsarin kulle saƙo da ake kira RSA a 1977, kuma yana cikin makullan da ke tsare hulɗar kuɗi a intanet da katin banki. Abin da ya ba Malama wahala da 1,000,001 shi ne dai ke ba ɓarawo wahala da kuɗinka, girman lambar ne kawai ya bambanta.

Aikin gida na wannan watan na kowa da kowa ne, har da Alhaji. A cikin jerin masu juyawa da na ba ɗalibin Samaru da gangan na tsallake 13 duk da cewa gagara-rabo ce. A raba 1 da 13 da hannu, a rubuta saurarrakin a gefe a ƙirga guda nawa suka fito cikin goma sha biyun da ya kamata. Sannan a raba 2 da 13 a kwatanta. Wanda ya gano me ya faru da zagayen, kuma ya iya faɗin dalili da Hausarsa, ya aiko ta adireshin mujalla, zan buga amsar da ta fi gamsarwa a fitowa ta gaba in sha Allahu.